Abin da Ya Raba Ni da Nama da Nono

Bari in fara da gyara maganar da ake yawo da ita a unguwarmu, don na gaji da amsa ta ɗaya bayan ɗaya a gidajen biki. Ban bar cin nama don na ga Turawa suna yi a waya ba. Ban bari don in rame in yi kyau ba, wanda ya san ni ya san ba ni da abin ragewa. Babu aljanin da ya gindaya mini sharaɗi, babu kuma wanda ya ba ni sammu a tsire. Kuma wallahi ban taɓa buɗe baki na ce nama haram ne ba. Na bar nama da nono da man shanu da duk abin da ya fito daga jikin dabba ne saboda sau biyu maƙogwarona yana rufewa ina kallon mutane, ba ni da muryar da zan ce musu mutuwa nake yi. Wanda bai taɓa neman iska ya rasa ba, ya yi haƙuri ya karanta kafin ya ba ni shawara.

Sunana Saude, a Gumel nake. Babana sana'arsa dabbobi, ya sayo a kasuwar Maigatari ya sayar, saboda haka gidanmu ba gidan da ake marmarin nama ba ne. Ni kuwa duk gidan babu mai ci kamata. Saboda ni Umma take rufe tukunya ta ɗora turmi a kai in za ta shiga maƙwabta. Da na gama sakandare zaman gida ya ishe ni, sai Baba ya kawo mini raguna biyu na turke su a bayan ɗaki, in yi kiwo in sayar da Layya.

Da damina aka kawo su. Ɗayan daga tsallaken iyaka ya fito, kunnuwansa da ƙasan wutsiyarsa duk kaska. Ni ba na iya jira, ban tsaya Baba ya kawo maganin feshi ba, na tsuguna na dinga cire su da hannu ina jefawa a gwangwanin kalanzir. Bayan haka na riƙa tsintar su a jikina, wata a bayan gwiwa, wata a ƙugu inda zani yake ɗaurewa, wata a bayan kunne. In fizge in yar. Wurin cizon ya yi ta ƙaiƙayi har ya bar baƙin tabo. Ko a jikina. Duk wanda ya tashi cikin dabbobi kaska ta cije shi.

Ciwon ya fara ne ranar wani suna a layinmu. Da rana muka ci shinkafa da naman rago, na dawo gida na yi wanki na share tsakar gida lafiya lau. Ana kiran la'asar tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, irin wanda sosawa ba ta kai masa. Kafin in idar da salla jikina ya tashi ruɗu-ruɗu kamar an zane ni da tsumagiya, cikina kuma yana murɗawa. Umma ta duba ta ce borin jini ne, ta shafe ni da toka. Mai kemis na bakin titi ya ba da wasu ƙananan ƙwayoyi masu sa barci. Washegari fata ta koma sumul kamar ƙarya na yi.

Ku lura da wannan, don shi ya ɓatar da mu wata da watanni. Abin ba ya zuwa lokacin da nake cin abinci. Sai an wanke kwanuka, an manta ma da abin da aka ci, sannan ya zo. Wa zai zargi naman da ya ci tun rana a kan abin da ya same shi da yamma?

A mako na biyu ya dawo, wannan karon da amai da gudawa. A na uku leɓena ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Aka kai ni wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifot, aka yi mini ƙarin ruwa. Da za a sallame mu, mai duba ni ya ja fatar idona ya ce jinina ya yi ƙasa, a riƙa ba ni abinci mai gina jiki. Umma abu ɗaya ta ji a cikin maganar nan: hanta.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa. Kun san mu, ba a zuwa dubiya hannu biyu, kuma ba a kai wa mara lafiya wake. Wannan ta zo da farfesun kayan ciki, waccan da romon kai da ƙafa, matar abokin Baba ta aiko da ƙwaryar kindirmo. Allah Ya saka musu da alheri, har zuciyata nake faɗa, don wasunsu abin da 'ya'yansu ba su samu ba suka kawo mini. Amma ga yadda abin ya kasance. In ci farfesu da rana, in kwanta ciwo da yamma, in tashi a galabaice. Umma ta ga na galabaita ta ce jini ne bai dawo ba, ta ƙara romo. In na ce ba na sha ta tsaya a kaina da kwano har sai na shanye, tana cewa mai farfesun za ta tambaya, me za ta ce mata.

Muka koma babban asibiti. Sai a fita ana idar da asuba don a sami kati, a zauna a benci cikin mata masu goyo da tsofaffi masu tari, rana ta take kafin a kira suna. Kuma lokacin da zan shiga wurin likita babu komai a jikina. In ce masa jiya ban iya buɗe ido ba, shi kuma yana kallon ido biyu a buɗe tar. Ban ga laifinsa ba, bayana akwai layi har waje. Amma haushi ya sa na fara ɗaukar kaina hoto duk ranar da abin ya tashi. Umma ta ce wace irin yarinya ce ke, kina kumbure kina hoto. Na ce ai su ba sa yarda sai sun gani.

A lokacin ne tsoro ya shige ni sosai. Da inuwa ta fara juyawa a tsakar gida sai gabana ya riƙa faɗuwa. In zauna ina kallon tafin hannuna ina jira. Wata rana ya zo, wata rana ya ƙi, kuma ban san me yake kawo shi ba. Da na san abokin gabana da da sauƙi. Na daina zuwa islamiyya da yamma don kada ya same ni a hanya.

Gwaggo Talatu, yayar Baba da take aure a Gagarawa, ta zo ta ga yadda nake zaman jiran la'asar. Ta tafa hannu ta ce abin da yake da lokacin zuwa ba na asibiti ba ne, ku daina ɓarnar kuɗi, iska ce ta shafe ta a wurin turken nan. Ta ce a ba ta ni akwai malaminsu. Ni dai a lokacin ko me aka ce zan yi. Muka hau mota.

Ƙarshen damina ne, amfanin gona bai shigo ba, rumbun gidan Gwaggo ya kusa ƙasa. Mijinta manomi ne, kuma ba mai yanka kaza don baƙo ba ne. Tuwon dawa da miyar kuka, daddawa da barkono kawai. Da rana ɗanwake da man gyaɗa, ko kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Da safe kunun tsamiya. Malamin dattijo ne mai natsuwa, ya yi mini tofi, yana aiko da rubutu ina sha da bismilla. Na kira Umma a waya ina mita, na ce tunda na zo ko ƙashi ban gani a miya ba, mutanen nan za su kashe ni da ganye. Umma ta ce in yi haƙuri in rufe bakina kada Gwaggo ta ji.

Amma ko ƙaiƙayi ɗaya ban yi ba. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ciki ya daina murɗawa, na fara bin 'ya'yan Gwaggo gona, na manta da kallon inuwa. Gwaggo ta riƙa nuna ni ga maƙwabta tana cewa ga wadda likitoci suka gaza. Ni ma na yarda. Kuma har yau ban raina addu'ar dattijon nan ba, don wa ya sani ko ita ce ta kai ni gidan da babu nama.

Da na dawo Gumel, Baba ya ce sai ya yi sadakar godiya. Ya yanka akuya da hantsi. Kafin a rarraba wa maƙwabta ya gasa hanta da ƙoda da kansa, ya barbaɗa yaji, ya miƙo mini a faranti ya ce mai lafiya ita za ta fara. Na ci kamar wadda aka sako daga kurkuku. Har kitsen na siɗe.

Bayan azahar ina shanya a igiya tafin hannuna ya fara. Kafin in ajiye bokiti kunnuwana sun yi zafi, harshena ya cika mini baki. Na ce Umma, sai na ji muryar ba tawa ba ce, wata 'yar siririya ce kamar ta tsohuwa. Na sake gwadawa babu komai. Ina jan iska tana shiga da ƙara kamar ana busa ta cikin kara, kuma kowane ja ƙofar tana ƙara tsukewa. Tsakar gida cike da mata ana rabon nama, ana dariya, ni ina tsaye a bayan zanin da na shanya babu mai ganina. Abin da na iya yi shi ne na hankaɗe bokitin da ƙafa. Ƙararsa ce ta juyo da Umma.

Abin da ya biyo baya a gutsure nake tuna shi. Baba ya saɓe ni a kafaɗa kamar 'yar yaye, hannunsa duk jinin akuya. Adaidaita sahun maƙwabcinmu. Umma tana salati tana murza mini ƙirji. Na tuna ina kallon rufin adaidaitan ina tunanin ashe haka ake yi, ashe ba a ma samun damar kalmar shahada da baki. A zuciya na yi ta. A asibiti wata nas ta kalle ni kallo ɗaya, ba ta tambayi kati ba, ta ƙwala wa likita kira, aka caka mini allura a cinya ta saman zani. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta fasa ƙirji, jikina yana karkarwa, sannan iska ta fara shiga kaɗan kaɗan. Nas ɗin nan ban san sunanta ba, amma duk sallar da na yi tana ciki. Likitan ya ce wa Baba wannan ya wuce borin jini, mu tafi Kano kada mu tsaya.

Rago ɗaya aka sayar, kuɗinsa ya tafi a zirga-zirgar Kano. Layin can ya ninka na Gumel, sai da muka je muka dawo muka sake komawa kafin mu ga mai ganinmu. Mace ce, ba ta da fara'a, amma tana saurare. Na ba ta wayata ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Kowa a baya tambayata yake me na ci kafin abin ya tashi, in ce ban ci komai ba, shanya nake yi. Ita kuwa cewa ta yi in faɗa mata abin da na ci tun daga safe, a kowace rana da na tuna. Suna, farfesu, romo, kindirmo, hanta. Ta ce akwai lokacin da ya ɗaga mini ƙafa? Baba ya ba ta labarin Gagarawa da rubutu. Ba ta yi dariya ba, ta ce madalla, me ake dafawa a gidan? Ina buɗe baki in yi mitar ɗanwake sai na ji jikina ya yi sanyi. Ni da kaina na ji amsar tana fita daga bakina.

Sai ta tambaya ko ina hulɗa da dabbobi, ko wani ƙwaro ya taɓa cizona. Na nuna mata tabon bayan kunnena. Ta ce akwai mutanen da cizon kaska yake juya musu jiki, jikin ya ɗauki naman dabba mai ƙafa huɗu a matsayin abokin gaba, har kitsenta da romonta, wasu har nononta. Kuma ba ya nunawa sai abincin ya daɗe a ciki. Ta ce gwajin jinin da zai tabbatar ba nan kusa ake yin sa ba, amma labarina ya isa a gwada: in bar su duka mu gani. Kaza da kifi da ƙwai ta ce babu laifi. Ta ce in nisanci kaska, don sabon cizo yana ƙara tsananta abin. Ta ba ni ƙwayoyin da zan riƙa yawo da su, ta ce amma in numfashi ya fara tsukewa ƙwaya ba ta isa ba, sai allura. Ta sa ni da Baba muka yi ta maimaita sunanta kamar 'yan aji ɗaya, adirenalin, adirenalin, ta ce duk asibitin da muka shiga da shi za mu fara kafin sallama.

A motar dawowa, da muka kusa gida, Baba ya kawar da kai. Yana kallon taga ya ce, "Da hannuna na ba ki, Saude." Na ce ai da daɗi. Bai yi dariya ba.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Mutane ba su yarda ba. Kaska? Tun kakanni ake cire kaska, wa ta hana cin nama? Gwaggo ta ce likitoci ba sa son a ce malam ya yi aiki. Wata ta ce ina haramta abin da Allah Ya halatta, har sai da Baba ya tambayi limamin masallacinmu, liman ya ce wanda ya bar abin da yake cutar da shi bai haramta komai ba. Duk da haka in na je gidan mutane sai a zuba mini miya a tsame naman a gabana, a ce ga shi an cire.

Kaza ma ba ta daɗe ba. Baba ya tausaya mini ya sayo gasasshiya a wurin mai nama, ashe a kan wayar da ake gasa balangu aka gasa ta, ana shafa mata kitse. Da yamma na kumbura, Allah Ya taimaka bai kai maƙogwaro ba. Na zauna ina tunani. Kifin bakin titi da wane mai aka soya? Ƙwan mai shayi a wane kasko? Dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya me ke cikinsa? Duk loma sai na yi bincike kamar 'yar sanda, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce babu komai don kada ya rasa ciniki ko ya ji kunya. Ni ba ni da wannan haƙurin. Na ce na bar su gaba ɗaya. Abin da ya tsiro daga ƙasa na gane shi da idona: wake, gyaɗa, riɗi, awara, zogale, gero. Da na koma wurin likitar na faɗa mata, ta ce ita ba ta ce in kai nan ba. Na ce na sani, ni na kai kaina, don ina son in ci abinci in tashi ba tare da na zauna jiran la'asar ba. Ta kalle ni, ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini da zan riƙa sha kullum, ta ce akwai abin da ganye ba ya bayarwa, kuma in riƙa zuwa ana duba jinin. Ina sha, ina zuwa. Mai son ya bi hanyata ya ji wannan ma.

Saura Iya. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, tana wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar tare da ƙanin Baba da muke kira Kawu Sale. A hannunta aka yaye ni, da nono da man shanu ta raine ni. Da ta ji labari ta aiko a turo mata ni ta gani da idonta. Kafin in tafi Baba ya kira Kawu Sale ya yi masa bayani, har sunan allurar ya sa shi ya haddace.

Ina sauka daga babur ta riƙe haɓa. "Wannan ce Sauden? Ke ja'ira, wa ya tsotse ki?"

Na ce, "Ke da ba ki da haƙoran cin naman, me ya dame ki da nawa?"

Ta ce ita ko ba haƙori tana tsotsar ƙashi, kuma za ta binne ni da wannan cin ganyen kamar akuya. Muka yi dariya. Na yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ta ji. Ni nake dafa abincina, ita kuma ta zauna a kan tabarma tana kallon tukunyata kamar mai zaman makoki. Takan ce likitar Kano ta taɓa tatsar saniya kuwa?

Lokacin roron wake ne. Wata rana na bi matar Kawu gona tun safe, muka dawo rana tsaka yunwa kamar ta kashe ni. Na tarar Iya ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka. Na tsaya. Ta ce wallahi ko tsoka ɗaya babu a ciki, in juya in gani. Na juya da ludayi, babu. Na ci. Miyar ta yi daɗin da na manta da irinsa, na ce Iya me kika sa, ta ce daddawar ce sabuwa. Na ƙara.

Duk yammacin nan ba ta bar kusa da ni ba. Tana ɓarar gyaɗa tana satar kallona, tana jana da hira. Da aka yi la'asar muka yi salla, ta shafa addu'a, sai na ga tana murmushi har dasashi.

"To ga shi rana ta yi sanyi, lafiyarki ƙalau," in ji ta. "Romon ƙashin saniya ne a miyar nan, na tace shi tas, da man shanu cokali guda. Na ce in ke ba ki sani ba, jikinki ma ba zai sani ba. Tsoro ne kawai suka sa miki, 'yar nan."

Tun a raka'a ta biyu tafin hannuna yake ƙaiƙayi, ina ce wa kaina ƙaiƙayin wake ne. Na ɗaga hijabina na nuna mata hannuna. Ya riga ya tashi ruɗu-ruɗu har kafaɗa tun kafin ta buɗe baki.

Na ga murmushin ya mutu a fuskarta. Na haɗiye ƙwayoyina da ƙyar, harshe ya fara nauyi. Na ce a kira Kawu, kuma wannan ce maganata ta ƙarshe. A Gumel asibiti yana bayan layi. A nan kuwa tsakaninmu da shi akwai gonaki da yashi, babu mota, sai babur. Wannan tunanin kaɗai ya isa ya tsayar da zuciya.

Kawu Sale ya tayar da babur, aka ɗora ni, ana neman wanda zai riƙe ni ta baya. Iya, wadda take cewa babur abin masu gaggawar zuwa lahira ne, ita ta haye, babu takalmi babu mayafi. Ta zagaye ni da hannuwanta ta kama rigar Kawu. Babur yana tangaɗi a yashi, sau ɗaya har muka kusa zubewa. Iskar hanya tana dukan fuskata, ga ta nan ko'ina, amma ba ta shiga. Gefen idona ya fara duhu. Abin da nake ji kawai bakin Iya a kunnena, tana kiran sunayen Allah tana haɗawa da nawa.

"Ja, Saude. Ja kaɗan. Da ana bayarwa da na ba ki tawa."

A asibitin Sule Tankarkar Kawu tun daga ƙofa yake faɗin sunan allurar. Ma'aikacin da ya fito ya fara tambayar ko maciji ne, ko kunama. Iya ta sha gabansa ta ce, "Ni ce. Romo na ba ta, an ce kada a ba ta na ba ta. Ka yi mata abin da yaron nan yake faɗa." Allah Ya sa akwai allurar a kabad ɗinsu. Ya caka mini, ya zauna a gefena yana riƙe da hannuna har iska ta dawo. Shi ma Allah Ya biya shi.

A can muka kwana. Iya tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar gado, ba ta ci ba, ba ta tsokane ni ba. Ni kuma ba zan yi muku ƙarya ba, haushinta nake ji kamar in fashe. Da murya ta dawo abu ɗaya na ce mata: "Iya, da babu allurar fa?" Ta sunkuyar da kai. Washegari na wuce Gumel ko gidanta ban koma ɗaukar kayana ba.

Abin da ya fi tsorata ni tun daga ranar ba kaska ba ce. Maƙiyi ba zai dafa mini miya ba. Wanda zai kashe ni mai sona ne, wanda ya ga na rame ya ji tausayi, ya ce ɗan romo kaɗan me zai yi. Don haka nake roƙon masu zuwa dubiya, in mara lafiya ya ce an hana shi abu, ku yarda ko da bai yi muku ma'ana ba. Kada ku gwada shi a ɓoye. Kuma wanda jikinsa yake tashi ba dalili, ya tuna abin da ya ci tun safe, ya faɗa wa likita ko kaska ta taɓa cizonsa.

Bayan wasu makonni Kawu Sale ya zo da kaya ɗaure a bayan babur, an naɗe da tsohon zanin Iya. Tukunyar ƙasa ce sabuwa dal, da ludayi da muciya sababbi, cikinta cike da riɗi da wake. Ya ce Iya da kanta ta je kasuwa ta zaɓa, ta ce a faɗa mini tukunyar nan ba ta taɓa ganin nama ba, kuma kada in bari ta gani. Ya ce tun ranar nan ba ta sake sa man shanu a bakinta ba, an yi an yi ta ƙi. Na shiga ɗaki da tukunyar na rufe ƙofa.

Ragon da ya rage Baba ya mayar da shi Maigatari. Kiwo ni da shi har abada. Jiya na sa gatari na tumɓuke turakun biyu, na ƙone shara, Baba ya yi feshi. Ƙasar wurin baƙa ƙirin ce saboda taki, ruwan farko yana sauka zan zuba zogale da rama da yakuwa, kabewa ta bi katanga.

Layya kuma ta matso, gidanmu zai cika da hayaƙin suya kwana da kwanaki. Umma ta ce in tafi Gagarawa in huta. Na ce a'a, ƙauyen Iya za ni. Na riga na aika Kawu ya tambayo ko allurar tana nan a kabad ɗin, ya ce tana nan. Zan ɗaure tukunyata a bayan babur, in je in yi mata miyar riɗi da awara, ta ci da wannan bakin nata marar haƙori ta faɗi abin da za ta faɗa. Ni zan dafa, ita za ta ci. Ludayin kuwa ba zai bar hannuna ba.